Saudar da Ba ta Abha Ba

Ranar da Yayana ya kira ya ce ya samu aiki a Sauda, kakarmu ta rangaɗa guɗar da sai da mai baƙala, ɗan kantin da ke ƙasan beninmu a unguwar Bani Malik, ya hauro da gudu yana tambaya ko gobara ce. Ni ne nake riƙe mata wayar. Kunnena na hagu bai koma daidai ba har yau. Malamanmu ba sa karɓar wannan uzuri, amma haka abin yake.

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san Sauda. Dutsen nan ne na kusa da Abha, can kudu, inda mutane ke gudu da rani su sha sanyi da hazo, birai suna sace musu abinci. Ka hau mota da asuba, ka kwana a can. Ita Hajja, haka muke kiran kakar tamu, wannan Saudar ta ji. Saudar Yaya kuwa wani ɗan gari ne a Norway, ƙasar da mu 'yan nan muke ce wa Nurwij. Yana ƙarshen wani siririn teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, kuma babu abin da ya tara mutane a wurin sai masana'antar narka dutse.

"Ya dawo ƙasa!" in ji Hajja. "Maigidana ya dawo ƙasa!"

Maigidanta shi ne Yaya. Ni kuma mijin wucin gadi take ce mini, wai ina riƙe gida ne kawai kafin mai shi ya zo, kuma ko cefanen albasa ban taɓa yi mata ba. Ita ta goya shi, lokacin Ummi na aikin kwana a asibiti. Da ya girma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fita daga ƙarƙashin ta Baba, dole ya bar ƙasar da aka haife shi. Ya yi jami'a a Najeriya, daga nan ya wuce Turai ƙarin karatu. Shekaru ke nan Hajja ba ta taɓa kansa ba. Ita kuma ba ta iya binsa ko'ina. Aikin hajji ya kawo ta tana amarya, ta zauna. Kafilinta, ɗan ƙasar da takardarta ke ƙarƙashin sunansa, ya mutu, iƙamar ta bi shi, tun daga nan iyakar tafiyarta unguwar Mahjar, wurin tsofaffin ƙawayenta.

Na buɗe baki zan gyara mata, Ummi ta take mini ƙafa. Satin da ya gabata ne aka sallamo Hajja daga asibiti, kuma likita ya ce zuciyarta ba ta son tashin hankali. Ummi ta ce a bari ta ɗan samu ƙarfi tukuna. Kafin la'asar Hajja ta sa an soya masa an raba wa maƙwabta sadaka. Bayan an ci masa, wa zai koma ya ce a dawo da ita?

Tambayar da muke tsoro ta zo washegari.

"To ya shigo ƙasa, bai biyo ta Jidda ba?"

Ummi ta kalli silin. Baba ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Ni na ce, "Kafili ne, Hajja. Daga bakin jirgi ya ɗauke shi."

A garin nan kalmar kafili tana rufe kowace tambaya. Hajja ta gyaɗa kai, ta ce ai ta san irinsu. Daga ranar ni na zama mai kula da kafilin Yaya. Na ba shi tumbin da sai an cire kujerar gaba kafin ya shiga mota. Na ba shi gemu rinanne da lalle, da rowar da ta sa yake shanya ganyen shayi ya sake dafawa. Hajja ta tsane shi tsana mai tsafta. Bayan kowace salla tana ware masa addu'a ta musamman, ba ta mutuwa ba, don ita ba azzaluma ba ce. Ciwon haƙori take roƙa masa, da lalacewar na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar rani.

Yaya ya ce shi ba zai yi mata ƙarya ba. Kuma bai yi ba. Gaskiya yake faɗa duk Juma'a in ya kira, sai dai kunnen Hajja ya yi nauyi, idanunta kuma yanar ido ta rufe su, haske da duhu kawai take bambancewa. Ni nake maimaita mata abin da ya ce da ƙarfi. Na zama tafinta daga Hausa zuwa Hausa.

Wasu abubuwan ba sa buƙatar gyara. Ya ce ruwa ake yi tun farkon mako bai ɗauke ba, ta ce ai Sauda ke nan, garin albarka. Ya ce duwatsu sun kewaye su, hazo na kwana a kansu, ta ce ta gani a talabijin tun idonta na gani. Da ya ce dusar ƙanƙara ta kai masa gwiwa, na rage ta zuwa idon sawu, na mai da ita ƙanƙarar da kan zubo a Abha. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na rage labari maimakon in ƙara, kuma sai da ya yi mini ciwo.

"Tambaye shi birai," in ji ta. "Yana rufe taga?"

"Hajja na cewa kana rufe taga saboda birai?"

Yaya ya bi ni da kallo ta cikin waya kamar zai fito ya shaƙe ni. "Ce mata ina rufewa. Kullum."

Wata rana yana magana sai jirgin ruwa ya yi kuka a bayansa, irin kukan da ko kurma zai ji a ƙirjinsa. Hajja ta yi shekaru tana jin jiragen tashar Jidda, ta ɗago kai. "Jirgin ruwa a kan dutse?"

"Kafilin ne," na ce. "Ya ci abinci ya ƙoshi."

Ta yi dariya har da tari, sai da Ummi ta kawo ruwa.

In Hajja ta kishingiɗa, sai in shige ɗaki da wayar, Yaya ya ba ni labarin garin na gaske. Yawanci daga bakin maƙwabcinsa yake samowa, wani tsoho da ya ƙare ƙarfinsa a gaban tanderun masana'antar, kamar yadda ubansa ya yi. A cewar tsohon, da can wurin manoma ne da masu saran itace da 'yan tumakinsu, ba wanda ya san da su. Sai wasu daga Amurka suka zo suka ga ruwan da ke zubowa daga duwatsu dare da rana ba mai amfani da shi. Suka tare shi, suka mai da shi lantarki, suka gina tanderu. Mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka da wasu ƙasashe neman aiki, aka yi musu unguwa guda mai layuka a miƙe, gidajen manya daban, na leburori daban. Tsohon ya ce suna yara mata sai sun duba inda hayaƙi ya nufa kafin su yi shanya. Yanzu an tace hayaƙin, injuna sun karɓe aikin hannu, 'ya'yansa duk sun tafi manyan birane. Yana zaune shi kaɗai da kyandir a taga, kuma in suka haɗu da Yaya a matakala, gaisuwar ba ta wuce kalma ɗaya.

"Kalma ɗaya?" na ce. "Ba ya tambayar gida, ba ya tambayar gajiya?"

"In ya yi biyu, ranar yana cikin fara'a ne."

Dutsen da suke narkarwa, in ji Yaya, a jirgin ruwa ake kawo shi, da yawansa daga Afirka. Ya ce wani lokaci yakan tsaya ya kalli ana sauke shi, baƙi ƙirin, ya ji kamar ya yi masa sannu da zuwa. Wutar tanderun ba a kashe ta, ko ranar idinsu. Ruwan zafin da ke fitowa daga wurin kuma an bi da shi ƙarƙashin titunan tsakiyar gari, don ƙanƙara ta narke. Wannan ban yarda ba sai da ya nuna mini: ko'ina fari fat, titi ɗaya baƙi yana sheƙi. Na ce to mu a Jidda titi da kansa yake dafa ƙwai, ba mu taɓa yi wa kowa alfahari ba.

Ya ce suna ajiye jarirai a waje cikin keken turawa su yi barci a sanyi. Abincin ranarsu burodi ne da wani cuku mai ruwan ƙasa mai zaƙi, kullum, har shugaban wurin. Da hunturu yana shiga aiki cikin duhu ya fito cikin duhu, sai ya sha man kifi a cokali a madadin rana. Yana faɗa yana dariya. Amma ni na san dariyar Yayana, wannan ba ita ba ce.

Ana saura kaɗan azumi Hajja ta fara haɗa jaka. Ta sa kuka, da daddawa, da yajin da ta sa Ummi ta daka a gabanta, da wani bargo mai hoton damisa da ya girme ni. Ta gama shirinta ita kaɗai. Maƙwabtanmu na sama suna zuwa Abha duk ƙaramar salla. Za ta zauna a baya cikin matan, ta rufe fuska, ba mai tambayar tsohuwa takarda.

"In kafilin ya hana shi zuwa, ni ba kafili gare ni ba," in ji ta. "In je in shafa kansa in dawo. Halas, shi ke nan."

Kullum da safe sai ta sa na jawo jakar daga ƙarƙashin gado ta laluba ta tabbatar ba abin da na sata. Ummi ta daina shiga ɗakin in ana wannan. Baba ya ce bayan salla za a faɗa mata. Ummi ta ce ai kafin salla ya kamata. Suka yi ta miƙa wa juna, ba wanda ya karɓa.

A cikin azumin ne, wata rana an kira magariba mun zauna, ga miyar shorba ga sambusa, Hajja ta ce a kira mata maigidanta su sha ruwa tare. Ba Juma'a ba ce, ba mu shirya ba. Na ce ƙila yana salla. Ta ce in kira. Na kira.

Yana tafe a ƙafa daga wurin aiki. Ranar kuma, cikin ikon Allah, garin da ba ya rabuwa da hadari ya washe tas. Na kai wayar kusa da fuskarta kamar yadda na saba.

"Ka sha ruwa lafiya?"

Yaya ya ɗan tsaya. "Tukuna, Hajja."

Wannan ta ji da kanta, ba ta jira tafinta ba. "Tukuna? Ai Abha suna riga mu."

"Aiki ne ya riƙe shi," na ce. "Kafilin nan..."

"Yi mini shiru, ya walad, kai yaro." Ta kama hannuna ta matso da wayar har ta kusa taɓa idonta. "Wane haske ne wannan a bayanka?"

Ta ƙara matse hannuna.

"Ɗaga abin sama."

Ya ɗaga. Hasken ya cika wayar, ya zubo a kan fuskarta. A wajenmu duhu ya riga ya shiga, ana jin liman ya tayar da salla.

"Wannan rana ce," in ji Hajja.

Ta sake mini hannu. Ta laluba faranti ta ɗauki dabino ta ci, ta sha ruwa, ta ce a kai ta ta yi salla. Ummi ta yi kuka a kicin da famfo a buɗe.

Da safe ta aika a kira ni. Na shiga ina shirin karɓar duka, har na zaɓi kafaɗar da zan miƙa.

"Zauna, mijin wucin gadi. Yau ba ƙari, ba ragi. Ina yake?"

Na faɗa mata. Ta ce ita ba ta san Nurwij ba, in nuna mata. Na jawo tiren shayi, na ɗora yatsanta a tsakiya na ce nan Jidda. Na matsar da shi kaɗan, nan Makka. Na kai shi bakin tire, nan Abha. Sannan na ɗauki kofi na tashi na ajiye shi a bakin ƙofa, na ƙwanƙwasa shi da cokali don ta ji inda yake.

Ta daɗe tana fuskantar wajen ƙarar.

"Mota ba ta zuwa."

"Ba ta zuwa, Hajja."

"Jawo jakar nan."

Ta fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Kuka da daddawa ta ce a kai kicin. Bargon ta riƙe a cinya tana shafawa. Can ta ce, "Ni ma uwata haka aka yi mata. Da za mu taho aka ce mata bayan hajji za mu koma. Duk shekara in alhazai suka dawo sai ta fita bakin hanya. Wanda ya ba ni labari ya ce har ta daina gane mutane tana fita. Ban taɓa aika mata cewa ba zan dawo ba. Ina ganin tausayi ne." Ta ninke bargon. "Ku ma tausayi ne. Na sani."

Na sunkuya ina tattara kukar da daddawar. Sai ta juyo wajena.

"To kafilin fa?"

"Babu shi, Hajja."

"Mai tumbin?"

"Ni na yi shi."

"La ilaha illallahu. To addu'o'in nan duka wa suka samu?" Ta lalubo kunnena ta murɗe, na hagun, wanda dama ya lalace. "Buɗe baki in ji haƙoranka."

Yaya da ya ji ta sani, ya ce zai taho a satin, ko me zai faru. Sai dai takardar zamansa tana wurin sabuntawa, kuma an gaya masa in ya fita kafin ta fito, komawa za ta iya yi masa wuya. Ya ce bai damu ba. Ummi ta ce ya zo. Hajja ta sa aka maimaita mata maganar takardar, sannan ta ce a ba ta wayar a hannunta.

"Kana jina, maigida?"

"Ina ji, Hajja."

"Ba za ka motsa ba sai takardar nan ta fito."

"Hajja, kwana kaɗan ne kawai, in gan ki in..."

"Ni ma kwana kaɗan na zo yi. Ka ga inda nake. Uwata ta mutu ban je ba, ƙannena sun mutu ban je ba, Makka ga ta nan kamar in miƙa hannu, sai na yi dabara kamar ɓarauniya. An haife ka a nan, an ce ka fita. Yanzu ka samu inda za a rubuta sunanka, za ka zubar don ka ga tsohuwa? Me za ka gani? Haƙori biyu ne, in sa a ɗauka maka hoto."

Yana kuka, tana yi masa tsawa. Ta ce in ya taho ba da izininta ba, ba za ta buɗe masa ƙofa ba, za ta tabbatar da mijin wucin gadi a kujerarsa. Ya ce to. Sai da ta sa ya faɗa da ƙarfi yadda za ta ji.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ta ce in zo in ba ta Sauda. Ta gaske take so. Ta tambayi ko akwai masallaci, na ce 'yan kaɗan ne, a ɗaki suke haɗuwa. Ta tambayi yadda ake haƙa kabari in ƙasa ta daskare, na ce ban sani ba, ta ce in tambaya. Labarin jarirai a waje ya sa ta salati. Titi mai ɗumi ya burge ta, ta ce mutanen da suka tuna da ƙafar tsofaffi ba za su wulaƙanta baƙo ba. Amma tsohon maƙwabcin ne ya fi tsaya mata a rai. Ta ce 'ya'yansa suna kiransa? Ta ce Yaya ya riƙa kai masa abinci, ko bai ce ya gode ba. Ya kai masa shinkafa da miya. Tsohon ya ci, yaji ya sa shi hawaye, washegari ya ajiye wa Yaya kifi a bakin ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Hajja ta sa na ba ta wannan labarin ya fi a ƙirga.

Da rani ya shiga can, Yaya ya ce rana ta ƙi faɗuwa, sai ta ɗan leƙa bayan dutse ta dawo. Hajja ta ce to ya rama wadda aka ci masa da hunturu. Lokacin muryarta ta fara yin ƙasa, sai na kai kunne bakinta in ji, in faɗa masa. Aikin tafinta ya juya. Duk Juma'a tambayarta ta farko ita ce takarda. Duk Juma'a ya ce tukuna.

Ta rasu bayan babbar salla, da hantsi, Ummi na shafa mata mai a ƙafa. Takardar ta fito bayan mun share makoki.

Ya zo a tsakiyar zafi, lokacin da iskar Jidda ke zama kamar tawul da aka tsoma a ruwan zafi. Ya yi fari, ya rame, Larabcinsa na tuntuɓe. Daga filin jirgi ya ce a wuce da shi maƙabarta. A nan ba a rubuta suna a kabari. Fili ne shimfiɗe, da ƙananan duwatsu a jere, duk iri ɗaya. Ranar jana'iza na sa ido sosai, na ce daga bango zan gane, amma an ƙara wasu layukan tun daga lokacin.

"Wanne ne?" in ji Yaya.

"A layin nan ne, ko na bayansa."

Ya tsaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Mai gadin ya leƙo daga inuwa ya ce mu yi sauri, rana ba ta da kyau. Yaya ya cire takalmi, ƙasar ta ƙone shi, bai mayar ba. Ya fara daga farkon layin yana sallama, yana tsayawa kaɗan a kan kowanne, ni ina biye da shi riƙe da takalman, har muka kai ƙarshe muka juyo ta na bayan.